Idan Wi-Fi ya ɓace a kwamfuta, a dakata da fomatin

Duk mai cin abinci da kwamfuta a Auyo ko Haɗejiya, mai shagon buga takardu ne ko mai cike wa ɗalibai fom, akwai safiyar da ba ya fatan gani. Ya kunna laftof, ya duba can ƙasa ta hannun dama inda alamar Wi-Fi take zama, ya tarar ta yi ɓatan dabo. Ga data a waya, ga sabis cike, amma kwamfuta ta wayi gari kamar ba a taɓa sa mata katin sadarwa ba. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, rijistar makarantu da neman aiki suka bi sahu, wannan matsala ta zama ta aljihu. A ce makon rijista ne a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya, ga layi har waje, kowa na cewa "Malam, ni fa tun ɗazu nake nan."

Abin da aka saba ji daga bakin 'yan ba-ni-na-iya shi ne direba ya lalace, a yi mata fomatin. Ni dai ina ganin wannan shawara ta fi cutar kanta ɓarna. Sau da yawa manhajar direban lafiyarta ƙalau, a kan hanyar da ke tsakanin katin da ƙwaƙwalwar kwamfuta aka samu tangarɗa.

Katin Wi-Fi ɗan ƙaramin abu ne. A laftof na zamani faɗinsa milimita 22, tsawonsa 30, noti guda ke riƙe da shi, sai siraran wayoyin eriya biyu, galibi baƙa da fara, da suka bi ta maɗaurin murfi suka haura bayan allo. Ba ya iya magana da firosesa kai tsaye sai ta wasu layukan tagulla da aka shimfiɗa a jikin bod. Kamfanin Intel ya fito da tsarin waɗannan layuka a 1992 da sunan PCI, a 2003 kuma aka kawo magajinsa PCI Express, wanda kusan duk kwamfutar da ke hannunmu yau da shi take aiki. Shi kuwa direba manhaja ce da ta san yaren katin: ita ke gaya masa inda zai ajiye saƙon da ya shigo, da inda zai ɗauki mai fita.

Kowane ƙunshin bayani da ke bin waɗannan layuka yana tafe da wata lambar tantancewa. Idan ya isa lambar ba ta yi daidai ba, mai karɓa ya ce a sake turowa, a sake, a wuce wurin cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan shi ne kuskure mai gyaruwa, mai kwamfuta ba ya ma sanin an yi. Akwai wanda ba ya gyaruwa amma bai kashe layin ba, saƙo ɗaya ne ya salwanta. Sai kuma mai muni, inda layin kansa ya daina zama abin dogaro. A nan tsarin kan datse katin gaba ɗaya, domin katin sadarwa yana da izinin rubutu kai tsaye cikin ma'adanar wucin-gadi ta kwamfuta, idan kuwa ya ruɗe yana iya zuba shirme a kan aikin da kake yi. Manomin rani a aikin noman Kwarin Haɗejiya ba ya buƙatar dogon bayani a nan: idan kanal ya ɓalle a wani sashe, ƙofar da ke ba shi ruwa ake fara rufewa, a toshe ɓarakar, sannan a buɗe a hankali, kowa ya sake daidaita rabonsa.

Daga lokacin da aka datse katin, duk tambayar da direba ya aika masa amsa ɗaya ke dawowa, jerin lamba 1 zalla. Direban da aka rubuta da kyau ya san ma'anar wannan, sai ya tsayar da aike, ya saki saƙonnin da suka maƙale, ya jira. Wanda ba a koya masa ba sai ya ɗauki amsar da gaske, ya yi ta jiran abin da ba zai zo ba, kwamfuta ta daskare.

Injiniyoyin IBM sun ɗauki wannan da muhimmanci a manyan na'urorinsu na POWER, irin waɗanda ba a so a kashe ko na minti ɗaya. Daga aikinsu tsarin Linux ya samu matakan farfaɗowa wajen 2006: a sanar da direba an ga kuskure, a sake saita gurbin katin kamar yanzu aka ba shi wuta, direba ya mayar masa da duk abin da ya manta, sannan a ce ya ci gaba. Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, don katin da aka sake saitawa ba ya tuna komai. A manyan cibiyoyin ajiyar bayanai hakan na faruwa cikin 'yan daƙiƙu ba tare da kowa ya tashi daga kujera ba. Laftof ɗin gwanjo da aka sayo a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a Kano ba kasafai take da wannan gata ba. Ko dai katin ya ɓace shiru, ko Windows ta watso shuɗin allo mai lamba 0x124, alamar cewa kayan ƙarfe ne suka kawo ƙara. Matakan da babbar na'ura ke yi da kanta, kai ne za ka yi su da hannu.

Fara da Restart, ba Shut down ba. Mutane na ɗauka duk ɗaya ne. Tun daga Windows 8 a 2012 akwai tsarin saurin kunnawa, wanda idan ka kashe kwamfuta yake adana halin da direbobi ke ciki ya dawo maka da shi gobe, har da ruɗewar jiya. Restart ne ke loda su sabbi. Idan bai yi ba, kashe ta, zare caja, cire batir in mai ciruwa ne, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30. Katin sadarwa na iya riƙe 'yar wuta ko an kashe kwamfuta, sai ta zube sarai yake farawa daga tushe. Na ga wannan kaɗai ya tashi laftof ɗin da mai ita har ya ɗaure ta a bayan babur zai kai Haɗejiya.

Sai a leƙa Device Manager. Idan sunan katin yana nan da ɗan alwatika rawaya, buɗe shi ka karanta lambar. Lamba 10 na nufin ya kasa tashi, 43 na nufin Windows ta tsayar da shi saboda ya kai rahoton matsala, 45 kuma ba a ganinsa a haɗe. Kashe shi ka sake kunnawa daga nan, in ya ƙi ka cire shi daga jerin ka bar Windows ta sake gano shi, amma kada ka sa alama a akwatin da ke cewa a goge manhajar direban, sai in kana da wata a filashi. Wanda ya riga ya goge, ya haɗa wayarsa ta Android da kebul, ya kunna rabon intanet ta USB, ya sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin. A cikin Device Manager ɗin dai akwai zaɓin da ke ba Windows damar kashe katin don tattalin batir. Wasu katunan idan suka yi irin wannan barcin ba sa farkawa daidai, cire alamar kan kawo ƙarshen rigimar.

Wani abin lura: a yawancin waɗannan katuna Wi-Fi da Bluetooth gida ɗaya suke, amma Wi-Fi ta layin PCI Express yake bi, Bluetooth ta na USB. Idan Bluetooth na aiki Wi-Fi ya ɓace, katin yana samun wuta, layi ɗaya ne ya sami matsala. Idan duka biyun suka tafi tare, a zargi zaman katin a gurbinsa.

Kuma a yankinmu zargin yana da hujja. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana buɗa ƙarfe, sanyin dare kuma ya tsuke shi, jijjigar babur tana sassauta noti. Damina ta zo da laima, balle kayan da suka kwana a ɗakin da ruwa ya shiga a ambaliyar 2018 ko 2020 ko 2022. Haƙoran katin masu ruwan zinariya sukan yi dusu-dusu, gurbin ya yi tsatsa. Ga wutar janareta mai hawa da sauka, ga cajar da ba ta asali ba. Mai gyara na ƙwarai zai cire batir, ya kwance notin nan guda, ya zare katin, ya goge haƙoransa da sifirit, ya hure gurbin, ya mayar da shi a karkace ya danne. Wayoyin eriyar kuwa a bi su da lallami, maɓallansu ƙanana ne, da zarar sun fizge daga jikin katin sai sabo.

Kafin ka biya kuɗin fomatin, ka ce wa mai gyara ya buɗe Event Viewer ya nemi WHEA-Logger. Idan lamba 17 ta yi ta maimaituwa a kan katin, layin ya daɗe yana tuntuɓe ana gyarawa a ɓoye, kuma sabuwar Windows ba za ta canza tagulla ba. Fomatin zai share wannan shaidar, ya haɗa da takardun kwastomomi.

Idan an canza kati matsalar ta dawo, gurbin ne ko bod. Haka ma ramin kebul ɗin intanet da tsawa ta ƙona da damina, ba direban da zai tashe shi. A irin wannan hali ba sai an taɓa bod ba: ɗan ƙaramin katin Wi-Fi na USB, wanda ake samu a shagunan kayan waya, yana kewaye layin da ya lalace gaba ɗaya. A dai tambayi mai shago ko yana aiki da irin Windows ɗin da ke kan kwamfutar, a kuma gwada shi a gabansa kafin a biya.