Cheick Tidiane Seck: Ɗan Segu da Ya Sa Ogan Ta Yi Mandinkanci

A Black Market ta Adjamé da ke Abijan, inda fatakenmu na Nijar da Najeriya ke hada-hadar wayoyi da kayan lantarki, abin kiɗa na lantarki ba baƙo ba ne. Sai dai kaɗan ne suka san cewa a wannan birni ne ɗaya daga cikin manyan makaɗan ogan na Afirka ya gama gogewa.

An fi sanin ogan a matsayin kayan kiɗan coci. Laurens Hammond ya fito da mai aiki da lantarki a 1935, amma Jimmy Smith, Baƙar fatar Amurka, shi ya ɗaga darajarta a kiɗan jaz tun daga fayafayansa na kamfanin Blue Note a 1956. Hannun damansa na zuba waƙa, na hagu da ƙafafu na riƙe da amo mai kauri, mutum ɗaya yana aikin uku. Fayafayan nan sun isa Mali, suka shiga kunnen Cheick Tidiane Seck, wanda aka haifa a Segu a 1953.

Seck ya fara suna a Rail Band ta Bamako, tare da Mory Kanté da Djelimady Tounkara. A 1978 ya koma Abijan. A lokacin nan makaɗan Afirka ta Yamma can suke tururuwa, don akwai kuɗin koko, akwai ɗakunan naɗar faifai, gidajen rawa na unguwar Treichville kuma ba sa barci. Manu Dibango, wanda shi ma ya taɓa ogan a Faransa, yana jagorantar makaɗan gidan rediyo da talabijin na ƙasar. Seck ya haɗu da Salif Keita da Kanté Manfila a ƙungiyar Ambassadeurs.

A ganina, a nan bajintarsa take: bai tsaya kwaikwayon Smith ba. Ya ɗauko zubin kora da balafon da jan muryar maroƙan Mandinko ya ɗora a kan ogan, har mai sauraro ya rasa inda jaz ya ƙare, inda gargajiya ta fara. Shi ya sa bayan ya koma Paris, dattijon makaɗin fiyano Hank Jones ya yi faifan Sarala tare da shi a 1995, mawaƙiya Dee Dee Bridgewater kuma ta jingina da shi wajen faifan Red Earth a 2007.

Mu ma muna da namu. Mamman Sani na Nijar ya naɗi kaɗe-kaɗen ƙasarsa da ogan a kaset tun 1978, amma sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta waiwaye shi. Wannan abin takaici ne.

Matasanmu masu fiyano a situdiyoyin Kano da Maraɗi, ku nemi Sarala da kaset ɗin Mamman Sani ku saurara da kunnen basira, sannan ku gwada zubin gurmi da kukuma da yatsunku.