Auren jinsi da yarjejeniyar zaman tare: Mene ne bambancinsu, me dokar Najeriya ta ce?

A Kibiya, kamar sauran garuruwan Masarautar Rano, ba a zuwa ofishin gwamnati domin ɗaurin aure. Waliyyin amarya da wakilin ango suna zama a masallaci ko ƙofar gida, a ambaci sadaki, a yi siga a gaban shaidu, a raba goro da alawa, aure ya ɗauru ke nan. Daga wannan zama guda ne ciyarwa da matsuguni da nasabar 'ya'ya da gado suke samo asali. Sunan aure da haƙƙoƙinsa tare suke zuwa.

Saboda haka wanda ya taso cikin wannan tsari zai iya rikicewa idan ya ji cewa wata ƙasa ta amince mutum biyu masu jinsi ɗaya su yi rajistar zamansu, amma ba ta halatta musu aure ba. Abin da ake nufi shi ne yarjejeniyar zaman tare, wani tsari da ƙasashen Yamma suka ƙirƙiro domin raba haƙƙoƙin da gwamnati ke bai wa ma'aurata daga kalmar aure kanta. Ta bambanta da zaman dadiro da muka sani, domin ita a ofishin hukuma ake sa mata hannu, kuma doka ce ke tsara yadda za a warware ta.

Denmak ce ta fara a shekarar 1989. Ta bai wa waɗanda suka yi rajista kusan duk abin da ma'aurata ke samu ta fuskar gado da haraji da fansho, amma ta hana su ɗaukar riƙon yara da kuma yin bikin a coci. Faransa ta kafa nata tsarin a 1999, jihar Vermont ta Amurka a 2000, Birtaniya kuma ta yi dokarta a 2004.

'Yan siyasar da suka kawo tsarin sun ɗauka sun samo tsaka-tsaki, sai ya zamana bai gamsar da kowa ba. Masu fafutukar auren jinsi sun ce an ajiye su a mataki na biyu, kuma suna da misalin nunawa: a Amurka gwamnatin tarayya ba ta lissafa yarjejeniyar da jiha ta yi wa rajista wajen haraji ko takardun zama, kuma wanda ya ƙaura zuwa wata jihar yana iya tarar da takardarsa ba ta aiki. Malaman addini da masu ra'ayin mazan jiya kuwa cewa suka yi aure ne aka sauya wa riga.

Yadda abin ya kasance daga baya ya ba wa masu wannan zargi hujja. Holan ta halatta auren jinsi a 2001, Denmak ta bi a 2012, Faransa a 2013, Ingila a 2014, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta yanke hukuncin da ya game dukkan jihohi a 2015. Italiya na cikin waɗanda suka tsaya a yarjejeniyar tun 2016. A Afirka ta Kudu, dokar 2006 ta bar wa mutane zaɓi, ko a rubuta musu aure ko a rubuta zaman tare. Abin mamaki, a Faransa yanzu mafi yawan masu rajistar yarjejeniyar mace da namiji ne da ba sa son nauyin aure da wahalar saki a kotu.

Majalisar Tarayyar Najeriya tana kallon duk wannan lokacin da ta tsara Dokar Haramta Auren Jinsi ta 2013, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014. Shi ya sa ba ta tsaya kan aure kaɗai ba. Sashe na 1 ya haramta aure da yarjejeniyar zaman tare a jimla guda, ya kuma ce takardar shaidar da wata ƙasa ta bayar ba ta da amfani a Najeriya. Sashe na 3 ya ce auren mace da namiji kawai doka ta sani, sashe na 7 kuma ya fayyace cewa shi ne wanda aka ɗaura bisa Dokar Aure ko shari'ar Musulunci ko al'ada. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida a Kibiya yana cikin wannan.

A sashe na 7 ɗin ne aka jero sunaye tara na irin wannan zama, kuma wanda ya san tarihin zai gane na Faransa da na Denmak da na jihar Hawaii a cikinsu. Masu rubuta dokar sun bi ƙasa-ƙasa suna toshe kowace ƙofa. Hukuncin wanda ya shiga ɗayan biyun ɗaurin shekara 14 ne. Wanda ya ɗaura ko ya zama shaida ko ya taimaka, shekara 10. A Kano kuma akwai dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci ta 2000, wadda ke hukunta luwaɗi da maɗigo a matsayin aiki, ko da babu maganar aure.

Akwai abu biyu da jama'a kan tsallake. Na farko, dokar ta bayyana yarjejeniyar da cewa shiri ne na mutane masu jinsi ɗaya su zauna a matsayin abokan kwanciya. Samarin Kibiya ko Bunkure da suka haɗa kuɗin ɗaki a Kano ko Legas lokacin cirani, ko zawarawa biyu da ke haya a gida ɗaya, ba su ne ake nufi ba, ko da tsegumin unguwa ya kai inda ya kai. Na biyu, sashe na 6 ya ba da hurumin shari'ar ga Babbar Kotun Jiha ko ta Abuja. Matasan unguwa ba su da hurumin duka ko ƙona gida bisa zato, kuma wanda ya yi ƙazafi a ƙasar shari'a shi ma akwai hukuncin da ke jiransa.

Kama mutane ya fi tabbatar da laifi sauƙi. A Disamban 2022 Hukumar Hisbah ta Kano ta kama mutum 19 da ta ce sun taru domin bikin auren jinsi, ta kuma ce nasiha za ta yi musu. A Legas, 'yan sanda sun kama gomman maza a wani otal a Egbeda a 2018, aka nuna fuskokinsu a talabijin, aka gurfanar da 47 daga cikinsu a ƙarƙashin wannan doka. Mazan sun ce bikin zagayowar ranar haihuwa suka je. A Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidunsu.