Abincin Rana A Bakin Tekun Kiribi

Yau labarin tafiya na kawo muku, da wani abu da ya same mu a kan faranti, wanda nake so kowace uwa ta ji kafin ta kai 'ya'yanta bakin teku.

Da hutun ƙarshen shekara muka ziyarci dangin maigida a unguwar Birikitari ta birnin Yawunde, a ƙasar Kamaru, inda Hausawa suka daɗe da zama. Suka ce ba za mu koma ba sai mun ga teku. Muka tashi da asuba mu tara, muka bi ta Edeya, kafin azahar muna Kiribi.

To 'yar'uwa, ba a miƙo miki takardar jerin abinci a wurin nan. Inda masunta ke sauke kwale-kwalensu, can za ki je ki zaɓi kifinki da kanki, ki yi ciniki, sa'an nan mata su gasa miki a kan gawayi, a kawo ƙarƙashin rumfa kina kallon ruwa. Ki gama ciniki kafin kifi ya hau wuta, ki kuma tambayi ladan gashi, don in ya gasu ba sauran tayi. Wajen zaɓe ki duba idonsa ya zama garau, ki ɗaga kunnensa ki ga ja, ki danna jikinsa da yatsa. In wurin ya lotsa bai taso ba, bar shi.

Aka kawo mana babban faranti guda: gasasshen kifi, soyayyen agade, curin rogo da ake dafawa cikin ganye wanda suke kira bobolo, yaji mai tsanani, da tulin jatan lande. Ba irin busassun ƙananan nan da kika sani a kasuwa ba, waɗannan sun fi yatsa kauri. Ku 'yan makaranta ku riƙe wannan don darasin labarin ƙasa: a 1472 Turawan Fotugal suka iso bakin kogin Wuri, suka tarar da jatan lande ba iyaka, suka kira shi kogin kamaroyis, watau jatan lande da harshensu. Daga nan sunan Kamaru ya fito.

Surukata ta leƙa farantin ta ce, "Ni ba na cin ƙwaro." Maigida ya ce, "Inna, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne." Ta ce ta ji, amma a ba ta kifi. Muka yi dariya, muka sa hannu. Gaskiya ban taɓa cin kifi mai zaƙin wannan ba, har na manta da kunyar suruka.

Ɗana mai shekara huɗu yana gefena, ina ɓare masa jatan lande ina ba shi. Ba mu kai ga wanke hannu ba sai na ga yana sosa wuya. Na ce ai yaji ne. Can sai ga ƙuraje ruɗu-ruɗu a fuskarsa, leɓensa ya kumbura, ya fara tari. Mai gashin ce ta hango shi, ta yar da mafici ta rugo tana nuna mana hanyar asibiti. Aka yi masa allura, aka riƙe mu sai bayan la'asar. Allah ya kiyaye.

Borin jini ne. Jikin wasu ba ya karɓar jatan lande, kuma wanda bai karɓe shi ba, galibi ƙaguwa ma haka, ko da yake yana iya cin kifi lafiya. Yakan bayyana daga 'yan mintoci zuwa awa biyu bayan ci, kuma gashi ko dafuwa ba su kashe shi. Laifina a nan shi ne na tula wa yaro abin da bai saba ba, a kan farantin da romon kome ya gauraye. Ke kam, in za ki ba yaro karon farko, ba shi kaɗan a kwanonsa dabam, ki zuba masa ido. In kika ga leɓe ko harshe ya kumbura, ko murya ta shaƙe, ko numfashi na sarƙewa, kada ki tsaya neman manja ko madara. Ɗauke shi sai asibiti nan take.

Mun so mu ƙarasa inda kogin Lobe ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, kudu da garin kaɗan, amma rana ta yi. Da muka dawo gida na ɗauke kwalbar garin jatan lande da wata maƙwabciya ta ba ni don miya, na mayar mata, na kuma gaya wa malamarsa kada ya ci miyar da ba a san abin da ke cikinta ba.