Burki Ne Ya Tsinke: Uzurin Direba a Gaban Alƙali

A hanyar Kano zuwa Zariya, da wuya matafiyi ya rasa ganin tirela maƙare da shanu ko buhunan hatsi, ga mutane jere a samanta ƙafafu na reto. Ranar da ta kife, bayanin ba ya sauyawa: burki ne ya tsinke, taya ce ta fashe, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A zaman makoki wannan magana tana sanyaya zuciya. A kotu kuwa, sai an tona ta.

Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, kuma dokar da take aiki da ita ta 2007 ce. Ƙa'idojin gudu a rubuce suke. A babban titi mai tagwayen hanyoyi, motar gida kilomita 100 a awa, motar haya 90, tirela da tanka 60. A 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Tarar lodin wuce kima a jadawalin dokar naira 10,000 ce, kuɗin da ƴan fasinjojin saman kaya kan biya su yi saura. Tara irin wannan ba ta hana kowa komai.

Doka ba ta ƙi uzurin tsautsayi ba. Kundin Final Kod na Arewa ya yarda cewa abin da ya auku bisa haɗari ba laifi ba ne, amma da sharaɗi: mutum yana cikin halastaccen aiki, ta halastacciyar hanya, ya kuma yi taka-tsantsan ɗin da ya dace. A nan yawancin uzurori ke rushewa. Direban da motarsa ta fito daga hannun bakanike lafiya lau, ya bi ƙa'idar gudu, wani ƙarfe ya karye ba zato, yana da abin faɗa. Wanda kuwa ya kwana biyu yana jin burki na nutsewa, yana ƙara mai yana lallaɓawa, ko ya sa taya ƴar gwanjo da ta suɗe, ya ɗora mutane kan siminti, ya riga ya zubar da hujjarsa tun daga tasha. "Ban san doka ba" ma ba ta fid da kowa.

Akwai kariya ta biyu, wadda direbobi da yawa ke sayarwa da araha a bakin hanya. Takardar tara zargi ce, ba hukunci ba. Mai ita yana iya ƙin amsa laifin ya nemi a kai shi gaban alƙali, ko da kotun tafi-da-gidanka ce. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce mara laifi ne shi har sai an tabbatar, yana da ikon ɗaukar lauya, a kuma ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotun. Hukumomin ma suna da iyaka: a Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana jami'an duba motoci na birnin, wato VIO, tsare motoci da cin tara, domin ba dokar da ta ba su wannan iko. Direban da ya san haka ba ya saurin cusa hannu a aljihu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ba a cika gani a kotu ba. Mai mota ne ke yanka balas ɗin da ba ya cika sai da gudu da lodi, shi ke cewa a lallaɓa da tsohuwar taya zuwa wata mai zuwa. A tasha aka yi lodin, a gaban ƴan kamasho da shugabannin ƙungiya, motar kuma ta wuce shinge bayan shinge kafin ta kife. Duk shari'ar da aka ce burki ne ya tsinke, ya kamata alƙali ya kira mai motar ya kawo shaidar ranar da aka yi wa burkin gyara na ƙarshe.