YADDA AKE RABA SHANU DA TSUTSAR CIKI DA KASKA

Yawancin iyayenmu a ƙauye suna da 'yan shanu biyar ko goma, kuma sau da yawa daga cikinsu ne kuɗin makarantarmu yake fitowa. Amma akwai ɓarayin da ke cin wannan dukiya ba tare da sun fasa garke ba, wato tsutsar ciki da kaska.

Tsutsar ciki tana zama a tumbi da hanjin saniya, waɗansu suna shan jininta. Ƙwayayenta suna fita cikin kashi. Idan akwai danshi sai su ƙyanƙyashe, cikin mako ɗaya ko biyu 'ya'yan su hau ciyawa, wata saniya ta haɗiye su. Shi ya sa cutar ta fi tsanani da damina, kuma maruƙa ne suka fi shan wuya. Alamunta su ne rama, da zawo, da tashin gashi, da kumburi a ƙarƙashin haɓa. Tsutsar hanta kuwa sai ta bi ta jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke zama a bakin ruwa, don haka shanun da ke kiwo a fadama suka fi kamuwa da ita.

Kaska tana maƙalewa a hantsa, da kunne, da gindin wutsiya. Ban da shan jini, tana sa wa saniya cututtuka masu kawo zazzaɓi da fitsarin jini, kuma mikin da take bari yana buɗe wa kirci hanya. Kaska mace guda tana iya zuba ƙwai dubbai a ƙasa. Saboda haka idan an cire ta da hannu a ƙone ta, kada a yar a garke.

Malaman dabbobi sukan ba da shawara a yi wa garke duka maganin tsutsa a farkon damina, a kuma sake da kaka. Magunguna biyu ne aka fi sani. Albendazole ana ɗura shi ta baki, amma ba a bai wa saniyar da cikinta bai wuce kwana 45 ba. Ivermectin, wanda aka fara sayarwa a 1981, allura ce da ake yi a ƙarƙashin fata, yawanci mililita 1 ga kowane kilo 50 na nauyin dabba. Yana kashe tsutsar hanji da ƙwarƙwata, amma shi kaɗai ba ya kashe tsutsar hanta, kuma ba a yi wa saniyar da ake tatsa.

Babban kuskure shi ne rage magani don ya isa kowace dabba. Yin haka yana kashe tsutsotsi marasa ƙarfi ne kawai, masu ƙarfin su rage su hayayyafa, har a wayi gari maganin ya daina aiki. A guji kuma maganin kasuwa marar lambar NAFDAC, gama araha ba ta ado. Kafin a yanka ko a sha nono, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar.

Magani kaɗai ba ya isa. A riƙa kwashe taki, a sauya wurin ɗaure maruƙa, a shayar da su ruwan rijiya maimakon na kududdufi.

'Yan'uwa ɗalibai, yawancin iyayenmu ba sa iya karanta abin da ke jikin kwalbar magani, mu kuwa muna iyawa. In mun je hutu, mu karanta musu, mu kuma raka su wurin malamin dabbobi.