Yadda Fallen Ƙarfe Ke Zama Bututu Mai Kusurwa Huɗu

Ƙofar gida, ƙarfen taga, gadon makarantar kwana, rumfar shago, kusan duk abin da mai walda ke haɗawa a yau da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu yake farawa. Da yawa na ɗauka zuba shi ake yi kamar tukunyar dalma. Ba haka ba ne. Lanƙwasa shi ake yi, kuma da sanyinsa.

Asalinsa shimfiɗaɗɗen fallen ƙarfe ne da ke zuwa masana'anta a nannaɗe, naɗi guda kan kai tan da yawa. Akan tsaga shi gwargwadon kewayen bututun da ake so. Mai faɗin milimita 40 kowane gefe yana cin tsagi mai kusan milimita 160. Sai a zura bakin tsagin cikin jerin roloji da ke juyawa biyu-biyu, kowane biyu su ɗan ƙara masa lanƙwasa kan waɗanda suka gabace su. Da za a tanƙwara shi lokaci guda, gefensa zai yi tamoji ko ya tsage. A hankali fallen kan yi kwari, har bakunansa biyu su kusa sumbatar juna.

Nan ake ɗinkin, kuma babu sandar walda ko ɗaya. Bututun na ratsa wani zobe na jan ƙarfe mai ɗauke da lantarkin da ke sauya alkibla sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa. Irin wannan wuta tana taruwa ne a bakin fallen kaɗai, ta gasa shi ya haura digiri 1,300, sauran jikin kuwa bai yi wani zafin kirki ba. Wasu roloji su matse bakunan su zama ɗaya, wuƙa ta kankare tsiron da ya fito ta waje. Na ciki galibi ana barin sa, shi ne layin nan da yatsa ke ji idan an zura shi cikin bututu.

Har zuwa nan bututun mulmulalle ne. Bayan ruwa ya sanyaya shi, roloji huɗu ke danna shi ta sama da ƙasa da gefe biyu, har kusurwoyi su fito. Akwai injunan da ke karya kusurwar tun daga fallen kafin ɗinki, amma hanyar farko ta fi yaɗuwa. A ƙarshe zarto mai gudu tare da bututun ya yanka shi, yawanci mita 6, ba tare da injin ya tsaya ba.

Lanƙwasa da sanyi tana ƙara wa kusurwa tauri, tana kuma rage mata juriyar tanƙwaruwa. Shi ya sa a Turai aka raba ma'auni biyu, EN 10219 na wanda aka sarrafa da sanyi, EN 10210 na wanda aka gama da zafi.

Abin da ya fi shafar mai saye a kasuwa irin Ƙofar Ruwa ta Kano shi ne kauri. Roloji suna tsara faɗin waje ne kurum. Kaurin kuwa na fallen da aka ba injin ne, kuma da yake masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta ba ta taɓa kaiwa ga fitar da irin wannan falle ba, yawancinsa daga waje yake shigowa da tsadar dala. Hanya mafi sauƙi ta rage farashi ita ce rage kauri, ido kuwa ba ya ganewa, balle an shafa fenti. Bututu mai milimita 40 da kaurin milimita 2, tsawon mita 6, yana kusan kilo 14. Takwaransa mai kaurin 1.2 bai kai kilo 9 ba, alhali idan an jera su tamkar Hassan da Hussaini. Mai walda kan gane da zarar ya ɗora wuta, domin siririn hujewa yake yi, sai dai a lokacin an riga an biya kuɗi. A ganina duk mai sayen bututun da zai ɗauki rufi ko tankin ruwa, ya nemi a ɗora masa sanda guda a sikeli kafin a loda sauran a mota.