Manhajar salula mai bibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa: wace iri ce za ta dace da Adar?

A Tawa, idan aka ce maka «ina kwana?», amsa ɗaya ce: lafiya lau, ko da ba ka runtsa ba. Manhajojin bibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa da ake sakawa cikin salula wannan tambayar suke yi kowace rana, sai dai gaskiya suke nema.

Aikinsu ba wuya. Kullum mutum yana shigar da yadda ya yi barci, yadda ya ci abinci, da yanayin zuciyarsa. Bayan makonni sai hoto ya fito: yaushe damuwa ke tashi, yaushe take kwantawa. Da yawansu suna dogara da ma'aunin PHQ-9, tambayoyi 9 kan makonni biyun da suka wuce, maki daga 0 zuwa 27. Ma'aunin ba ya yanke hukuncin cuta. Yana nuna lokacin da ya kamata a ga likita.

Buƙata kuwa akwai ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin 8 a duniya yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. A Nijar ƙwararrun likitocin fannin kaɗan ne, akasarinsu a Yamai. Adar tana da nata nauyin: maza suna tafiya bida Abijan ko Libiya, mata suna riƙe gida da jiran kira. Can arewa, mutanen yankin Tiliya ba su manta da harin Maris 2021 ba, wanda ya ci rayuka 137.

To amma manhajar da aka ƙera don mai karanta Faransanci ba za ta yi nisa ba a ƙauyukan Kaita ko Tamaske. Dole ta yi magana da murya, da Hausar Adar, da Tamashek da Fulatanci, kamar saƙon WhatsApp da kowa ya saba. Dole ta yi aiki ko babu intanet. Kalmomin ma sai an tauna: da zarar ta ce «taɓin hankali», an rufe ta. «Tunani ya yi yawa» ko «zuciya ba daɗi» sun fi kusa da bakin mutane.

Babban ƙalubale shi ne sirri. A gidaje da yawa salula ɗaya ce ke yawo tsakanin miji, mata da ƴaƴa, sannan ta yini wurin mai caji a kasuwa. Matar da ta faɗa wa salula cewa ta gaji da rayuwa, idan uwar miji ta ji, ƙila gida ya watse, ko a ce iskoki ne. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido, amma doka ba ta hana ɗan'uwa buɗe waya. Lambar sirri da suna marar jan hankali, aikin mai ƙerawa ne.

Tambaya ta 9 a PHQ-9 kan tunanin mutuwa ko cutar da kai ce. Duk ɗalibin Jami'ar Jibo Hamani da ke son gina irin wannan manhaja, kafin ya fara, ya zauna da ma'aikatan babban asibitin jihar Tawa a tsayar da magana: idan wani ya amsa «e» da tsakar dare, wayar wa za ta yi ƙara?